Filin Lafiyar Iyali: Ƙari a Fatar Jariri



Uwargida, idan kina yi wa jaririnki wanka, ki riƙa bin fatarsa da ido da kuma yatsa. Yawancin abin da za ki gani ba abin tayar da hankali ba ne. Shuɗin tabon da ake gani a ɗuwawun jarirai yakan dushe da kansa. Jan tudun nan mai laushi, wanda tarin ƙananan jijiyoyin jini ne, yakan girma a watannin farko, bayan shekara guda ya fara motsewa. Ita ma tawadar Allah, kusan jariri 1 cikin 100 da ita ake haihuwarsa.

Amma akwai wanda ba a yi masa sakaci, ko da yake da wuya ake samunsa: sankarar fata da likitoci ke kira melanoma. Takan tsiro ne a cikin tawada mai faɗi ƙwarai, irin wadda ke rufe bayan jariri, wani lokacin ma daga uwa mai ciwon take ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi.

Wani ciwon dajin kuma, neuroblastoma, daga ƙwayoyin jijiya da ba su gama nuna ba yake farawa, sau da yawa a saman ƙoda, sai ya ɓullo a fata kamar shuɗayen ƙulli masu tauri. Wani ikon Allah, a wasu jarirai ƙwayoyin sukan ƙarasa nuna da kansu su daina ɓarna, ko ƙarin ya ɓace. A wasu kuwa sai da magani. Ido ba ya raba su, sai an ɗebi ɗan naman an duba a ɗakin gwaji.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a ce maruru ne, a kira wanzami ya yi sakiya, ko a shafa toka da man kaɗe. Jini ya zuba, ƙwayar cuta ta shiga, makonni su wuce.

Don haka in kin ji ƙari mai tauri, ko mai saurin girma, ko mai zubar da jini, ko ya zama gyambo, ko cikin jaririn ya kumbura, kada ki jira arba'in. Ki yi wa maigida bayani, ku nufi sashen yara na babban asibiti, ki faɗa wa likita ranar da kika fara ganinsa da yadda girmansa yake a lokacin.