Lemon Kwalba Da Kayan Ƙamshi

Yau zancenmu na abin sha ne.

A ƙasar Indiya masu sayar da abinci a bakin titi sukan tsiyaya baƙin lemon kwalba a kofi, su matsa lemun tsami, su barbaɗa baƙin gishiri da masoro da wani kayan ƙamshi nasu mai suna jira. Cikin 1977, da Coca-Cola ta fita ƙasar, sai suka fito da nasu, watau Thums Up.

To, mu fa a Gozaki? Ai mun daɗe da namu: zoɓo, da kunun zaƙi, da lamurje na tsamiya da citta da kanumfari. Amma yanzu in baƙo ya zo, sai uwargida ta ji kunyar ba shi zoɓo, ta aika a sayo kwalba, ko da bashi. Alhali kuwa kwalba guda mai santilita 35 tana da sukari wajen cokalin shayi 9. Ina ganin aikinsa a haƙoran 'yan ajina.

Saboda haka ina roƙonku ku riƙe namu, amma da tsabta. Ku tafasa ruwa tukuna. Ku wanke gorunan roba da sabulu, kada ku tsinto su a bola. Ku rage sukari, ku ƙara citta.

Wadda ta iya lamurje fiye da na kowa, ta rubuto mana yadda take yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.