Hutun Iyali a Bakin Tafki: Abin da Ya Kamata a Yi Ranar Sauka

Ga hutun makarantu ya ƙarato, ga kuma magidanta da dama suna shirin kwashe iyali su je wani wuri su sha iska, nesa da hayaniyar birni. Saboda haka a wannan mako filinmu zai yi magana a kan sauka a masaukin bakin tafki, musamman ranar farko, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wannan al'ada tana da tarihi a ƙasarmu. A zamanin marigayi Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, aka kuma gina otal a bakin tafkin Bagauda. A shekarun da suka biyo baya ma'aikata da 'yan kasuwa sukan ɗauki matansu da 'ya'yansu su kama ɗaki a can, su yi kwana biyu ko uku. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a cikin ambaliyar da aka yi, daga baya kuma aka mai da otal ɗin reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. To, masauki yakan sauya hannu, amma halin ruwa yana nan yadda yake, ko a Tiga ko a Kainji.

Abu na farko shi ne a isa da rana. Maigidan da ya baro gida bayan la'asar zai sauke iyalinsa cikin duhu a wurin da bai san gabasa da yammansa ba, ga yara sun gaji, ga sauro ya fito. Wanda ya isa da hantsi kuwa zai sami sukunin duba ɗakuna, ya ga ko ƙofofi suna kulluwa daga ciki, ya ɗaura gidan sauro, ya tanadi fitila. Kafin ma a tashi, wajibi ne a tambayi mutanen yankin yadda zaman lafiyar hanya yake.

Da an ajiye kaya, sai maigida ya nemi mai unguwa da Sarkin Ruwa ya gaishe su, domin da ɗan gari akan ci gari. Masunta su ne suka san inda ake iya tsayawa da inda ba a zuwa. Dalili kuwa shi ne tafkin madatsa ya sha bamban da kogin da aka saba da shi. Ƙasa ce ta noma da ta zama ruwa ya shanye, a ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwa da tsofaffin kwazazzabai da rijiyoyi. Tafkin Kainji, bayan da aka gama madatsarsa a 1968, ya haɗiye tsohon garin Bussa ɗungurungum, har sai da aka tashi mutane fiye da 40,000. A irin wannan ruwa yaro yana iya takawa daga inda ya kai masa gwiwa ya faɗa inda zai shanye babban mutum, ba tare da wata alama a sama ba.

Bayan haka sai a tara yara, a kai su bakin ruwan a gaban iyayensu, a nuna musu iyakar da ba za su ƙetare ba. Yaron da aka hana shi ganin ruwa, shi ne yake satar jiki ya tafi shi kaɗai. Kowane lokaci kuma a ware babban mutum guda wanda ido a kan yara ne aikinsa, domin inda aka ce kowa yana kallo, a nan ne ba wanda yake kallo. Mu sani kuma, wanda ruwa yake ci sau da yawa ba ya iya kururuwa, sai dai a waiwaya a ga babu shi.

Akwai wata cutar da ba ta bayyana sai an koma gida, wato tsargiya. Tsutsarta tana girma a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba. Sai bayan watanni a ga yaro yana fitsarin jini. Waɗansu suna ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga, alhali kuwa ciwo ne da ke lalata mafitsara in an ƙyale shi. Maganinsa yana nan a asibiti, ana kiransa praziquantel. Amma rigakafi ya fi magani: ruwan wanka in daga tafki aka ɗebo shi, a tafasa shi, ko a bar shi a mazubi ya kwana biyu kafin a taɓa.

Shiga kwale-kwale kuwa, wanda yara za su fara roƙo tun ba a sauke kaya ba, a bar shi sai an kwana an ga yanayin ruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, inda jirgi ya kife da mutane, kusan 30 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Jirgin da ya cika maƙil a bar shi ya wuce, wanda ba shi da rigar ruwa ga kowane yaro kada a shiga, haka nan ba a shiga da almuru ko cikin hazon hunturu.

Daga ƙarshe akwai haƙƙin uwargida, wanda magidanta suka cika mantawa da shi. In an isa masauki ita ce mai shimfiɗa, ita ce mai hura wuta, ita ce mai goyo, maigida yana kishingiɗe yana kallon faɗuwar rana, to gaskiyar magana an sauya mata madafi ne kawai. A daren farko a sayi karfasa ko tarwaɗa wurin masunta a ba da a gasa, manyan yara su yi wanke-wanke, ita ma ta zauna a tabarma ta ga abin da aka kawo ta gani. Yaran da suka ga mahaifinsu ya yi haka, za su riƙe shi fiye da duk wata nasiha da zai yi musu da baki.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya yarda.