Jirgin Da Aka Nema A Teku, Aka Same Shi A Hamada

Wani daga cikin masu rubuto mana ya aiko da tambaya, ya ce in mutum ya tarad da ɓuraguzan jirgin sama na zamanin Yaƙin Hitila a daji, ƙaƙa za a san asalinsa? Tambayar ba ta banza ba ce, gama tun daga 1940 dubban jiragen yaƙi sun taso daga Takoradi, sun bi ta Kano da Maiduguri za su Masar, ba kuwa duka suka isa ba. To, malam, abin da za ka fara nema shi ne lamba. Ga labarin wani jirgi don ka ga amfaninta.

Ran 4 ga Afrilu, 1943, wani jirgin Amurka mai inji huɗu, irin wanda a ke kira B-24, ya tashi daga Soluk, kusa da Bangazi a ƙasar Libiya, za shi jefa bom a birnin Napoli na Italiya. Mutum tara ke ciki, wannan kuwa ita ce fitarsu ta fari zuwa yaƙi. Ba su komo ba. Manyan soja suka zaci sun faɗa teku, can aka nema, aka gaji, aka bari.

Sai a 1958 waɗansu Ingilishi masu neman man fetur suka hango wani jirgi kwance cikin hamada, wajen mil 440 kudu da Soluk. Da aka isa wurin a 1959, sai ga suna a goshinsa, Lady Be Good, ga kuma lamba a wutsiya, 124301. Da wannan lamba aka buɗe littattafan soja, aka sami ranar da ya ɓace da sunayen mutanensa duka. Abin mamaki, rediyonsa na aiki, akwai ruwan sha a ciki, amma babu gawa, babu laimar dira ko ɗaya. Nan aka gane sun yi tsalle tun jirgin na sama.

Ashe da su ke komowa da dare sun wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nutsawa cikin hamada har mai ya ƙare. Masu bincike suka bi sawu, suka yi ta samun takalma da ƙyallayen laima an danne da duwatsu, suna nuna arewa. A 1960 aka sami gawa takwas, da ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Robert Toner, ya riƙa rubutu a ciki kullum. Daga nan aka san sun yi kwanaki suna tafiya da ƙafa, da ruwa rabin gora, biyar daga cikinsu suka ci wajen mil 80 kafin ƙarfinsu ya ƙare. Allah Sarki! Sun nufi arewa suna tsammani teku na kusa, alhali jirginsu, da ruwansa da rediyonsa, yana kudu da su bai fi mil 16 ba. Na taran, Vernon Moore, ba a same shi ba.

Saboda haka, malam, in ka ga irin wannan, kada ka ɓamɓare kome, balle ka kai wa maƙeri. Rubuta kowace lamba da ka gani, ta jiki da ta inji, ka lura da wurin sosai, ka sanad da hukuma. Harsashi ko bom kuwa, ko ya yi tsatsa, nisance shi. Shi kansa Lady Be Good masu tsince-tsince sun yi masa ƙarƙaf, har a 1994 gwamnatin Libiya ta kwashe abin da ya rage ta kai Tobruk.