Salula za ta iya koya wa ƴan lakwal ceton rai?

Jama'a, a nan Kurni idan yaro ya nutse a tafki da damina, ko kabu-kabu ya kayar da mutum har numfashi ya ɗauke, kafin a isa asibitin Matamaye lokaci ya ƙure. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Ke nan wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko, kuma sau da dama ɗan CEG ne.

Tun 2015 hukumar lafiya ta duniya OMS ta goyi bayan a riƙa koya wa yara farfaɗo da zuciya daga shekara 12, awa 2 kowace shekara. Darasin ba shi da tsawo: a kira taimako, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura iska a baki sau 2, a ci gaba.

Salula na iya sauƙaƙa wannan. Ɗan bidiyo da Hausa zai yawata ta Bluetooth ko da babu reso, malam kuma ya nuna wa aji duka, tunda ba kowane ɗalibi ke da waya ba, balle ƴan mata.

Sai dai fa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ƙarfin dannawa hannu ke koyonsa, a kan mutum-mutumin roba. Shi ya sa muke ganin ya kamata COGES da magajin gari su nemi Croix-Rouge da ma'aikatan CSI su shigo lakwal, kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa.