A KOYA WA YARANMU ATISAYE KAFIN A JEFA MASU ƘWALLO

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga malaman firamare, da masu horar da yara a unguwanni, da Gwamnatin Jihar Katsina.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan kasa kayan koli a kasuwa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, bara ɗana mai shekara 13 ya gurɗe a gwiwa wajen ƙwallo a filin unguwarmu. Da aka taso makaranta, wanda ke kula da su ya jefa masu ƙwallo kawai, ya koma gindin bishiya yana hira. Ba motsa jiki, ba komai. Wata biyu yaron yana kwance, har na sayar da buhun gero wajen magani.

Jama'a, ko shanun huɗa ba a ɗora masu garma ranar da aka sayo su. Sai an yi kwanaki suna jan gungume tukuna. Nan Katsina an san mu da wasan folo tun zamanin Sarki Dikko, kuma Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a wannan wasa. To wa ya taɓa ganin an shiga fili da dokin da ba a hora ba? In doki na bukatar horo, ina ga ɗan mutum?

Wani zai ce ai babu kayan aiki. Wallahi ba gaskiya ba ne. Lokacin da muke yara, langa muke yi. Yaron da ya saba tsalle da ƙafa ɗaya ba ya faɗuwa da sauƙi, ko a ƙwallo, ko a kokawa. Tsallen igiya yana ƙara numfashi da saurin ƙafa, yana amfanar ɗan dambe da ɗan tsere duka. A jera galan goma, tsakaninsu taku biyu, yaro ya riƙa ratsawa da gudu, daga baya ya ratsa da ƙwallo. A sa shi ya buga ƙwallo a bango, ashirin da dama, ashirin da hagu. A sa biyar su yi da'ira suna ba juna, ɗaya a tsakiya yana neman ƙwacewa. Duk wannan nawa za a kashe?

Shawarata ita ce, bayan La'asar a fara da sassarfa da miƙe gaɓɓai na minti 10, sai atisaye na minti 20, sannan a raba su a yi wasa, a tashi kafin Magariba. A tsince duwatsu da kwalabe daga fili, a ajiye ruwan sha. Kada a haɗa ɗan shekara 10 da ƙato mai gemu. Kuma kada a ɗaure yaro a kan wasa ɗaya tun yana ƙarami. A bar shi ya taɓa tsere da tsalle da kokawa, a nan za a gane inda Allah Ya yi mashi baiwa.

Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A Atlanta ta Amurka, a 1996, da muka ci zinare, da Garba Lawal da Tijjani Babangida a cikin 'yan wasan, 'yan Arewa ne kamar yaranmu. Muna da filin wasa na Muhammadu Dikko, muna da Katsina United, amma gini ba ya koya wa yaro komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina roƙon gwamnati ta riƙa tara malaman wasanni da masu horarwa na unguwanni lokacin hutu, a koya masu wannan aiki. Mu iyaye kuma mu riƙa leƙawa fili muna gani da idonmu. Yaron da ya gaji da atisaye barci zai yi da dare, ba zai bi ƙauraye da masu shaye-shaye ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

Naku,
Wani manomi,
Ƙofar Marusa, Katsina.