FILIN MANOMA: Takardun Shaida na Amfanin Gona

A wannan wata za mu yi magana a kan takardun shaida iri biyu waɗanda masu sayen kaya na Turai da Amurka sukan tambaya. Zancen ya shafi masu noman riɗi da citta da zoɓo, da mata masu man kaɗe.

Ta fari ita ce takardar noman oganik. Tana shaida cewa an noma abin ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba, sai takin dabbobi da na bola, da sauya shuka. Ba a samunta dare ɗaya. Bisa dokar Tarayyar Turai, sai gona ta shekara 2 tana bin ƙa'ida kafin a shuka abin da za a kira oganik, itatuwa kuwa shekara 3. Amurka tana neman shekara 3 tun daga feshi na ƙarshe. Cikin shekarun nan amfani yakan ragu, farashi kuwa bai ƙaru ba tukuna. Don haka maigida ya zauna da uwargida su yi shawara tun da wuri, gama rumbun gida ne za a taɓa.

Ta biyu ita ce ta Fairtrade, wato cinikin adalci. An fara sa alamarta a ƙasar Holan a 1988, a kan kofi na manoman Meziko. Ita farashi take dubawa, da zaman ƙungiya. Akwai farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba, akwai kuma ƙarin kuɗi na ƙungiya duka. A 2019 an sa wannan ƙari ya zama dala 240 a kan kowane tan na koko. 'Yan ƙungiya su ne suke taruwa su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko ɗakin aji, ko sito. Ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo a Gana, wadda aka kafa a 1993, ta sami takardar a 1995. Ba a ba ƙaramin manomi shi kaɗai. Sai ƙungiya mai zaɓen shugabanninta, mai littafin kuɗi, wadda ba ta hana yara makaranta saboda aikin gona.

Takardun nan ba kyauta ba ne. Kamfanoni irin su Ecocert da FLOCERT su ne suke aiko sufeto, manoma kuwa su biya. Mai eka biyu ba zai iya ɗaukar wannan kuɗi ba, shi ya sa ko takardar oganik ma akan nema a ƙungiyance. Ƙungiya takan naɗa nata masu dubawa su zaga kowace gona. Sufeto na waje ya zo kowace shekara, ya zaɓi waɗansu gonaki, ya ɗebi kaya a kai ɗakin gwaji.

A nan fa amana ta shigo. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari da yawa a cikinsa, irin wanda akan zuba a buhu saboda ƙwaro. Haka yake a ƙungiya. Idan mutum ɗaya ya yi feshi a ɓoye, wahalar shekara 3 ta maƙwabtansa duka tana iya tafiya a banza.

To, shawararmu ita ce, a sami mai saye kafin a nemi takarda. Kasuwar ƙauye ba ta ƙara ko kwabo saboda ita, ƙungiyoyi da yawa masu takardar Fairtrade ma wani kashi kaɗai suke sayarwa a wannan farashi. Ku tambayi mai saye buhu nawa zai ɗauka, a kan nawa, wa kuma zai biya sufeto, a rubuta a sa hannu.

Kafin nan, kowane gida ya sayi littafin rubutu guda, ɗan makaranta ya riƙa rubuta ranar shuka, da takin da aka zuba, da buhunan da aka samu. A bar rata tsakanin gonarku da ta mai feshi. A daina zuba amfani cikin tsohon buhun taki.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.