KAI DA MOTARKA: Yoyon Baƙin Mai A Tsohuwar Mota

A wannan mako za mu duba wata cuta wadda kusan kowace tsohuwar mota take fama da ita, watau yoyon baƙin mai. Masu motoci da yawa sun mai da ita abin wasa, kullum da safe sai a ƙara rabin gwangwani a kama hanya. To, ran da aka manta, ran nan inji zai buga, kuma kuɗin sāke shi ya ninka kuɗin gaskit sau da dama.

Abu na farko shi ne a tabbata baƙin mai ne yake zuba. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Man giya yana da kauri da wari mai hawa kai, man birki kuwa tsararo ne. In na birki ne, kada motar ta fita sai an gyara.

Sa'an nan a tuna mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma tana kora shi baya in ana tafiya. Saboda haka inda ya ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba. A wanke injin da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda a wuraren da ake zargi, kana a tā da mota ta yi kamar minti 15. Wurin da ya fi kowane bisa a cikin waɗanda suka jiƙe, shi ne mai laifin. Sau da yawa gaskit ɗin murfin bawul ne, ko robar filta, ko woshar notin juye mai wadda aka yi shekaru ba a canja ba. Duk waɗannan aikin awa guda ne.

A nan ne wasu makanikai suke ɓata rawarsu da tsalle. Da sun ga murfi yana yoyo sai su ɗaure noti da iyakar ƙarfinsu, murfin ya lanƙwashe, yoyo ya ƙaru. Wasu kuma gam suke laftawa kamar masu yaɓen ɗaki. Abin da ya yi rara daga ciki yakan gutsure ya faɗa kwanon mai, ya toshe rariyar famfo, mai ya daina kai wa inji. A kankare tsohon gaskit tas, a sa sabo, a ɗaure notuna a hankali bi da bi.

Masu Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, su duba bututun numfashin inji tun kafin su sayi kome. In ya toshe da dauɗa, hayaƙin da ke cikin injin ba shi da mafita, sai ya tura mai ta kowace kafa. Haka nan in ringi sun cinye. Irin wannan ko sil nawa aka canja, yoyo zai dawo. Masu Volkswagen Beetle kuwa, wadda aka fara haɗawa a Ikko a 1975, su lura da robobin bututu 8 da ke ƙasan silinda, da na abin sanyaya mai. Motar ba ta da lagireto, cikinta kuma lita 2 da rabi kawai yake ɗauka, don haka ɗan abin da ya zube ma asara ce babba.

Mafi tsada shi ne yoyon da ke fitowa tsakanin inji da giya, domin sai an raba su kafin a kai gare shi. In an bar shi, mai zai jiƙa kuloci ya soma sulɓi. Tun da an riga an buɗe, sai a duba faifan kulocin a lokaci ɗaya, kada a biya ladan aiki sau biyu.

Maganin gwangwani da ake zubawa cikin mai yakan kumbura robar da ta bushe ta ɗan riƙe na wani lokaci, amma ba ya ɗinke wadda ta tsage. Kafin ranar gyara, a riƙa zare geji kowace safiya, mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji kuma a sanyaye.